Kada A Kori Mai Ƙosai Daga Ƙofar Makaranta

Na karanta maƙalar da wata Malama ta rubuta a kan abincin da ya kamata yaro ya tafi da shi makaranta, kuma na ga iyaye da dama sun karɓe ta hannu bibbiyu. Matsayinta a fili yake. Ta ce zamani ya sauya, uwa ba ta da lokacin daka da tankaɗe da asuba, yaran yanzu ba sa son abincin gargajiya, sannan abin da ake sayarwa a bakin makaranta a buɗe yake, ƙuda da ƙura na sauka a kai. Don haka shawararta ita ce a koma ga abin da kamfani ya rufe a leda: taliyar nan da ake dafawa nan take, biskit, burodi da shayi, lemon kwali, sai ƙwai da tuffa idan da hali. Ta kuma roƙi shugabannin makarantu su sallami matan da ke kasa kaya a bakin ƙofa. Ta ce shawarar ta shafi kowa, na birni da na ƙauye.

Da ta tsaya ga iyayen Abuja da Kaduna masu firij da motar kai yara, da na bar su sun daidaita tsakaninsu. Amma tun da ta haɗa da mu, mutanen Wara da Libata da Birnin Yauri da tungayen masunta da ke jere a gaɓar tafkin Kainji har zuwa Yelwa da ƙasar Shanga, to dole mu tanka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin a yi maganar abin da za a sa wa yaro a jaka, a fara sanin wane yaro ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai mu a wancan lissafi, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Kuma wannan ita ce jihar da ake wa kirari da shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015, inda shinkafar haɗin gwiwa da Legas ta fito a 2016. Ashe matsalar yaronmu ta wuce rashin abin cika ciki. Tuwo yana ci, shinkafa yana ci, koko yana sha. Abin da ke ƙaranci a kwanonsa shi ne furotin mai gina jiki, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da zinki, da bitamin A. Yaron da ya shigo aji ɗaya da irin wannan giɓi a jikinsa ba shi da rarar da za a ɓata masa da abincin da ba ya ƙara masa komai.

To me ke cikin jerin Malama? A cire ƙwai da tuffa, waɗanda zan dawo kansu, sauran duk garin alkama ne da mai da sukari da gishiri, an sauya musu kama. Biskit fulawa ce da sukari. Taliyar leda fulawa ce da aka soya da mai, aka haɗo ta da ƙullin ɗanɗano mai gishirin gaske. Gaskiya ne tun 2002 doka ta wajabta a ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, kuma wannan abin yabo ne, amma ba ya mayar da biskit abincin rana. Lemon kwali kuwa, masu arahar da ke isowa kantunanmu akasarinsu ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ma da hali a rage shi zuwa kashi biyar. Kwalba ɗaya ta lemo mai gas, ta santilita 35, tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Yaro ya sha wannan da ƙarfe goma, cikinsa ya cushe, ya dawo gida ya ture miyar da ke da ɗan kifi a ciki.

Babbar hujjar Malama ita ce sauri, kuma a nan ne na ga alamar ba ta taɓa hura murhu da ɗanyen icce a watan Agusta ba. Mintunan da aka rubuta a bayan leda suna farawa ne bayan ruwa ya tafasa. Ga mai gas, wannan ba komai ba ne. Ga matar da ke Utono ko Tungan Giwa, hura wutar ita ce aikin, kuma idan wuta ta kama, ɗumame ma mintuna kaɗan yake ci. Sannan a tuna taliyar nan ba da zafinta za a ci ba. Sai an fita tara, bayan ta sandare a roba. Abincin da ya fi sauri a gidajenmu shi ne wanda aka gama da shi tun dare: dankalin Hausa da aka tura cikin garwashi bayan an sauke tuwo, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, soyayyar aya. Da safe ɗauka kawai za a yi.

Amma akwai abin da ya fi wannan. Mutanenmu sun daɗe da warware matsalar sauri ta hanyar da ba ta bukatar kamfani: mace ɗaya ta hura wuta ɗaya, ta ciyar da yaran unguwa guda. Mai ƙosai ke nan, da mai waina, da mai ɗanwake, da mai alale, da mai awara. Ita ta jiƙa wake, ita ta kai markaɗe, ita ta tashi tun kiran assalatu, domin sauran iyaye mata su samu sararin ɗiban ruwa ko gyaran kifi ko tafiya fadama. Uwa ta ba yaro kuɗin tara, ya sayi abu mai zafi da aka yi da wake ko waken suya. Wannan tsari shi Malama ke so a kora da sunan neman sauri. Idan aka kore shi, aikin zai koma kan kowace uwa ita kaɗai, ko kuma kuɗin taran ya koma hannun mai kanti.

Batun cewa yara ba sa son abincinmu, gani ya kori ji. A tsaya a bakin kowace firamare a Yelwa ko Wara idan an kaɗa ƙararrawar tara, a ga inda yara ke turmutsitsi. Kan kaskon awara suke, suna roƙon a ƙara musu yaji. Ita awarar nan ma baƙuwa ce, kakanninmu ba su san ta ba, a 'yan shekarun baya ta bazu tare da noman waken suya, amma yara suka karɓe ta ba tare da tallar rediyo ko allon bakin titi ba. Waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin ukunsa furotin ne. Haka rogo da ƙuli, haka kwaɗon zogale idan ya ji ƙuli da albasa, kuma albasa ba sai an koya wa mutumin Yauri inda take ba. Abin da yaro ke ƙi shi ne sanyayyen tuwo da tsinkakkiyar miya, kuma babba ma ba so yake ba. Sai kuma kunya. Idan ɗan gidan mai hali ya fito da leda mai ƙyalli, wanda ya zo da ƙullin gurjiya yakan ɓoye nasa. Wannan ciwon gaske ne, kuma rubutu irin na Malama ƙara masa gishiri yake yi, domin yana gaya wa yaro da uwarsa cewa abin da suke da shi ƙauyanci ne.

Na yarda idan aka ajiye biskit da zogale gaban yaro, biskit zai ɗauka. Idan aka ba shi zaɓi tsakanin makaranta da wanka a tafki ma, mun san inda zai nufa. Masu nazarin cimar yara sun daɗe da lura cewa yaro yakan bukaci a gabatar masa da abinci sau da yawa, wani lokaci sau goma ko fiye, kafin ya saba da shi. Uwar da ta ba da sau biyu aka ture, ta yanke hukunci ɗanta ba ya ci, ta yi saurin sallamawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ko sau ɗaya bai fito a maƙalar ba: kifi. Mu a bakin ruwa muke. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kusan dubu 44 daga garuruwa da gungunansu na asali, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300 ya kwanta a ƙofar gidanmu. Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa da Hausawa sun biya kuɗin wannan ruwa da gonakinsu da kushewun iyayensu. Wutar lantarkin da aka yi madatsar dominta har yau ba ta zauna a ƙauyuka da yawa na gaɓar ba, shi ya sa ma duk wata shawara mai bukatar firij ba ta mu ba ce. Abin da tafkin ya ba mu hannu da hannu shi ne kifi, kuma a cikin kifin babu wanda ya dace da bakin yaro kamar warangi.

Giwan ruwa da yauni da ragon ruwa na masu kuɗi ne, masunci ba ya cin su sai dai ya sayar. Tarwaɗa da ƙurungu akan yi bandarsu a loda a kwali a yi kudu da su. Karfasa ƙaya gare ta, uwa na tsoron ba ƙaramin yaro. Warangi kuwa ɗan mitsitsi ne, ana shanya shi ya bushe, kuma ana cinsa gaba ɗaya, da kai da ido da ƙashi da kayan ciki. A nan amfaninsa yake. Ƙashin shi ke ba da kalsiyam, kai da ido da hanta su ke ɗauke da bitamin da sauran sinadaran da ake zubarwa idan an gyara babban kifi, kuma busasshensa fiye da rabinsa furotin ne. Ba ya bukatar firij, ba ya bukatar doguwar dahuwa.

Mutanen gabashin Afirka sun riga mu gane wannan. Ƙananan kifaye irin wannan su ne dagaa a Tanzaniya, omena a Kenya, mukene a Uganda, kuma a can ana niƙa su a zuba a kunun yara. A tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wanda shi ma madatsa ce ta haife shi, sai da aka ɗauko irin kifin daga tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1960 aka zuba da gangan, yau wannan kifi, da suke kira kapenta, babban abinci ne a ƙasashen biyu. Su da hannu suka dasa nasu. Mu mun tarar da namu a ruwa, amma muna kallonsa abincin talaka, muna auna shi buhu-buhu ga fatake, wani kason ma ya ƙare a injin haɗa abincin kaji da na tarwaɗar gidan gona. Kazar Ibadan ta ci warangin Ngaski ta yi ƙiba, ɗan masuncin da ya kamo shi ya tafi makaranta da biskit.

Kada a fahimce ni da cewa a ƙara zuba tarun dala a ruwa. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji, tare da cibiyar binciken kifi da ke New Bussa, ya yi ta fama da wannan taru, domin yana kwaso 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi, har aka kai ga sa dokar hana shi. Wannan rigima ce mai zaman kanta. Maganata ita ce a kan warangin da ya riga ya hau tudu: a cire na yara kafin a ɗaure bakin buhu.

Aikinsa kuma ba shi da yawa. A tsince shi, a wanke yashi, a sake shanyawa ya bushe ƙarau, a ɗan gasa shi a busasshen kasko har ƙarnin ya lafa, a daka shi lukui da ƙuli da ɗan citta da gishiri kaɗan, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Aikin yammaci ɗaya ne, ya ɗauki gida mako guda. Wannan gari shi za a barbaɗa a ɗanwake, a dambu, a garau-garau, a gasasshen dankali, a kwaɗo, ko a zuba a ƙullun ƙosai da alale. Yaron da ke cewa ba ya cin kifi saboda ƙaya ko ƙarni, a yaji zai ci shi yana neman ƙari. Ko taliyar ledar, idan ta kama dole ranar da aka makara, a rage ƙullin ɗanɗanon, a zuba cokali biyu na wannan gari da ganyen zogale, ta zama abinci. Ban ce haramun ba ce. Na ce kada ta zama ginshiƙi.

A kan ƙwai, ni da Malama bakinmu ɗaya. Dafaffen ƙwai yana da sauri, yana zuwa da murfinsa, yara na sonsa, kuma lokaci ya yi da za a binne tsohon camfin nan na cewa yaron da ake ba ƙwai zai yi sata. Da damina ƙwan zabi yakan wadata. Sai dai akwai abin lura daga bincike biyu da aka yi a kan jarirai masu fara cin abinci. A Ikwado, sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ƙwai ɗaya kullum na wata shida ya rage tsumburewa sosai. Da aka maimaita gwajin a Mangochi ta Malawi, a bakin tafki, ba a ga irin wannan bambanci a tsawon yaran ba, kuma cikin dalilan da masu binciken suka kawo har da cewa yaran wurin dama suna cin kifi. Ba na so in ɗora wa wannan nauyin da ya fi ƙarfinsa, amma mutumin bakin ruwa ya kamata ya saurara da kyau.

Tuffa kuwa ba ta cancanci doguwar magana ba. Daga ƙasashen waje ake shigo da ita, akasari Afirka ta Kudu, alhali da bazara mangwaro ruɓewa yake a gindin bishiya. Ga gwanda, ga gwaba, ga kankana, ga ɗinya da kanya da goruba da magarya da ɗorawa kowanne da lokacinsa. Garin kwalba da nono, wato farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka, yana da bitamin C mai yawa, kuma bitamin C na taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe daga wake da hatsi. Shayin da Malama ta haɗa da burodi kuwa akasin haka yake yi, rage zuƙar ƙarfen yake.

Saura tsabta, kuma a nan ba zan yi mata gardamar banza ba, ta faɗi gaskiya mai ɗaci. Duk wanda ya ga abin da amai da gudawa ya yi a arewa a daminar 2021, har da jiharmu, ba zai yi wasa da wannan batu ba. Akwai mai zoɓo da kunun aya da ke haɗawa da ruwan da ba a tafasa ba, ta ɗura a gorunan roba da aka tsinto. Akwai mai suya da man da ya yi baƙi don maimaici. Akwai mai naɗe ƙosai a tsohuwar takardar jarrabawa, mai karɓar kuɗi da hannun da take ɗiban awara. Akwai masu shanya kifi a kan yashi inda kaji da awaki ke bi, da masu yayyafa wa banda fiya-fiya don kada tsutsa ta ci, da masu ajiye wake da maganin ƙwari, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Akwai kuma wanda ido ba ya gani: gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lahanta hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara, kuma sau da yawa rubabbiyar gyaɗar da aka ƙi saye ita ake mayarwa ƙuli mai araha. Duk wannan haka yake.

Inda muka rabu shi ne magani. Leda tana rufe abinci daga ƙuda, shi ke nan aikinta. Taliyar da ruwan gidan nan za a dafa ta. Biskit ɗin da hannun da bai ga sabulu ba za a ci shi. Kuma kayan kantin ƙauye ba kullum suke da lafiya ba, wasu sun kwana biyu da wuce wa'adinsu, sun sha rana a kan tebur, kuma uwar da ba ta karanta boko ba ba ta da hanyar ganewa. Ƙosan da aka tsamo yanzu daga tafasasshen mai ya fi abubuwa da yawa aminci, in dai bai bi ta hannu mai datti ba bayan nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gyaran kuma bai fi ƙarfin makaranta ba. Kowace firamare tana da shugaba, tana da kwamitin iyaye, ƙaramar hukuma tana da duba-gari. A rubuta sunayen matan da aka yarda su sayar, a ware musu inuwa nesa da kwata da bola. A ce kowace ta zo da mazubi mai murfi da cokali ko matsami, abin sha a tafasa ruwansa, a ajiye buta da sabulu inda yara za su wanke hannu kafin su saya. Wadda ta saɓa a dakatar da ita mako guda, sauran za su shiga taitayinsu. Masu ƙanƙarar kala da alewar da ke rina harshe kore, su ne za a ce su nemi wani wuri. Sharaɗi ɗaya da zan ƙara, wanda na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: babbar mace ta zauna kan kayan da kanta. Yarinyar da ake ɗora wa faranti ta tsaya a bakin ƙofa tana sayar wa sa'o'inta, ita ma cikin ajin ya kamata a gan ta. A gaɓar ruwa kuma, gadon shanya na kara ko na waya da aka ɗaga daga ƙasa ya isa ya raba warangi da yashi.

Sai aljihu. Najeriya daga waje take shigo da mafi yawan alkamar da take amfani da ita, don haka farashin burodi da biskit da taliya a ɗaure yake da dala ta Amurka. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma saki naira, kowa ya ga yadda abin ya kasance, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Wake da gyaɗa ma sun yi tsada, ban musa ba, amma su muna noma su, kuma kuɗin da aka kashe a kansu a gari yake kwana. Nairar da yaro ya miƙa wa mai ƙosai takan rabu tsakanin manomin wake, da mai injin markaɗe, da mai man gyaɗa, da mai icce, da ita kanta mai suyar, wadda sau da yawa bazawara ce ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Nairar biskit kuwa ribar mai kanti kaɗai ke tsayawa, sauran ta hau mota.

Gwamnatin Tarayya ma da ta tashi ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, ba ta ce a raba musu leda ba. Tsarin shi ne matan gari su dafa abin da manoman gari suka noma. Shirin ya sha suka a kan jinkirin biyan masu dafuwa da ƙanƙantar rabo, kuma an dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi, amma tunanin da aka gina shi a kai daidai ne. Haka ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke jinyar yara masu tamowa a Maiyama, abin da ta riƙa koya wa mata shi ne haɗa garin kunu daga dawa ko gero da waken suya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown. Mutanen da ke ganin yaran da yunwa ta kwantar kullum, kasuwar ƙauye suka tura iyaye.

Wasu 'yan ka'idoji ne kawai uwa za ta riƙe. Zafin Maris da Afrilu a ƙasar nan ba ya barin abinci mai ruwa ya daɗe, don haka alale da dafaffiyar shinkafa na tara ne, kada a bar su su kai la'asar. Yaron da zai zarce Islamiyya a ba shi abin da ke jurewa, kamar ƙuli, dakuwa, gasasshen dankali, ko garin kunun da za a dama masa idan ya leƙo gida. Ƙaramin yaro da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi gyaɗa ko aya ɗai-ɗai, tana iya sarƙe shi, a daka masa. Rogo a tabbata mai zaƙi ne kuma ya dahu sosai, domin mai ɗaci yana kisa. Nono a san an tafasa madararsa kafin ta kwana. Gyaɗar da ta canja kala ko ta yi ɗaci a zubar, kada a yi mata tsimi.

Abu na ƙarshe da na rasa a maƙalar Malama shi ne uba. Daga farko har ƙarshe da uwa take magana, kamar ita ke riƙe da jirgi da rumbu da aljihu. A gidajen masunta da manoman ƙasar nan, maigida ne ke yanke abin da za a sayar da abin da za a bari. Shi ke sauke kifi a bakin ruwa, dillali na tsaye, ya sayar da duka har da ƙananan, ya dawo gida da ledar biskit a hannu yana ganin ya yi wa yara gata. Shi ke auna wake da gyaɗa da kaka ya kai kasuwa, ya bar wa gida dawa da shinkafa zalla. Uwa ba za ta daka garin warangin da ba a kawo mata ba. Don haka ga iyaye maza nake miƙa wannan lissafi: gwangwani ɗaya na busasshen warangi a mako, tiya ɗaya ta gyaɗa mai kyau, da 'yan tiyoyin wake da za a ware tun ranar sussuka a ce na yara ne, ba a taɓa su ko farashi ya tashi. A haɗa kuɗinsu, a gwada da abin da ake kashewa a kanti cikin zangon karatu ɗaya, sannan a zo mu yi maganar wanne ne mai tsada.